Tseren Ɗana na Ƙarshe a Kogin Gadaka

Waɗanda ke bakin kogin Gadaka ranar nan ba su ɓace mini ba. Akwai Bature Di'o, jami'in mulkin gunduma, da ya zo rangadi daga Potiskum, zaune kan kujerar da ake naɗewa, tafintansa na tsaye a bayansa. Akwai sarkin ruwa da 'yan doka biyu, da mutanen kasuwa da suka bar kayansu suka zo kallo. Akwai ƙanwata da ke aure a garin, wadda na sauka a wurinta, da surukata, matar ɗana, goye da jaririyarta. Masu iyo su shida ne. Dogon da ke tsakiyarsu, mai tabon ƙaho a kafaɗa, ɗana ne na fari. Shi kaɗai kuma Allah ya bar mini.

Sunan uban mijina aka sa masa, ga shi kuma ɗan fari. Saboda haka tun ranar suna bakina bai taɓa faɗin sunansa ba. In yana kusa, "kai" nake ce masa. In ba ya nan, "wannan yaron", har ya yi gemu. Ba na yabonsa, ba na kallonsa cikin mutane. Haka uwata ta yi wa yayana, kuma ban ga abin gyara a ciki ba.

A kududdufin bayan gidanmu na Potiskum ya koyi iyo, inda ake haƙar ƙasar gini. Na dake shi a kan haka har hannuna ya gaji. Da ya girma sai ya shiga aikin ƙetarar da shanun da ake korowa kasuwa in kogi ya cika, yana riƙe da wutsiyar na gaba. A nan wani Bature ya gan shi, ya koya masa ya riƙa dulmiya fuska cikin ruwa, yana shaƙar iska ta gefe. Daga nan ba a ƙara ganinsa a bayan kowa ba. Shi ba mai dogon zango ba ne. Daga wannan gaɓa zuwa waccan, kafin ka daka barkono ya dafa ƙasa. Damina uku yana cin tseren da Di'o ke haɗawa, har aka ɗauke shi a mota zuwa Maiduguri ya kara da sojoji. Ya dawo da bargo ja, ya shimfiɗa shi a gabana.

"Inna, naki ne. Duk na bar su a baya."

Na ce, "Ajiye can. Tarwaɗa ma tana iyo, ba wanda ya ba ta bargo."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To ki zo ki ga tarwaɗarki ko sau ɗaya."

Da daminar ta zagayo sai na ce za ni Gadaka gaishe da ƙanwata. Kowa a gidan ya san abin da zai kai ni.

Ban tsaya cikin mutane ba. Na ja ƙanwata muka hau tudu ta saman kogin, ƙarƙashin wata tsamiya, inda zan gani ba tare da a ce uwarsa ta zo kallonsa ba. An yi ruwa a daji kwana biyu, kogin ya yi jajir. Di'o ya duba agogonsa, ya busa usur, suka faɗa.

Kafin su kai tsakiya ya ba su tazarar mutum biyu. Ni kuwa idona ya saba da duba abin da wasu ba sa dubawa. Daga sama na hango kututturen itace yana tahowa a nutse, saiwarsa kaɗai ke leƙowa tana juyi. Na ƙasa ba za su gan shi ba. Shi kuma fuskarsa na cikin ruwa.

Sunan ya zo mini har kan harshe. Na kama hannun ƙanwata.

"Kira shi."

"Wa, Yaya?"

"Wannan yaron. Kira shi ya tsaya."

"Ya tsaya kuma? Shi ne fa a gaba."

Sai na ɗaga murya na ce, "Kai!" Amma duk bakin kogin abin da ake faɗa ke nan, kowa na kai, kai, don mamakin saurinsa. Tawa ta shige cikin tasu.

Itacen ya same shi a gefen kai. Hannunsa ɗaya ya ɗago, kamar zai ƙara saran ruwa, sai saiwar ta juya da shi. Sauran biyar suka bi shi, sarkin ruwa ya shiga da gora. Sai bayan la'asar suka ciro shi a wata kwana can ƙasa, aka binne shi kafin magariba. Tafinta ya zo ya ce Bature ya ce a yi haƙuri. Ƙanwata ta yi ta ce mini, "Yaya, ko kin kira ba zai ji ba, ga nisa, ga ƙarar ruwa." Mata suka ce ajali ne. Na yarda ajali ne. Amma zancen nisan ban yarda da shi ba sai na gwada.

Washegari bayan na idar da sallar asuba, gari ya fara haske, na fita ban gaya wa kowa ba. Na koma ƙarƙashin tsamiyar, na tsaya daidai inda na tsaya jiya. Ruwan yana nan da ƙararsa. Na buɗe baki na kira sunansa, sau ɗaya, da ƙarfina duka. A can waccan gaɓar akwai wani Bafulatani da ke shayar da shanu. Ya ɗago kai ya dube ni, ya ɗaga sandarsa.

Na sauko, na koma gidan ƙanwata. Na kwance jaririyar daga bayan surukata na goya ta, na ɗauki taɓarya na hau dakan geron kunun masu gaisuwa.