Abokiyar Addu'ata ta Shagari

Shekarar da aka turo ni koyarwa Bodinga, matar fastonmu ta raba mu biyu-biyu a zumuntar mata, ta ce kowace ta riƙe 'yar'uwarta da addu'a har ƙauna ta yi jijiya. Ni aka haɗa ni da wata dattijuwar ungozoma da ke aiki a Shagari, wadda muke kira Mama. Kowa ya taya ni murna, har da masu kau da kai suna dariya.

Ran Asabar nake shiga mota in same ta. Mama ba ta taɓa faɗa mini laifina a fuska ba. Sai mun durƙusa, mun rufe ido, sannan ta soma: "Ya Ubangiji, ga 'yarka. Ka koya mata zuwa da wuri. Ka rage mata gishiri a miya, domin bawanka mijinta." Ni kuwa dole in ce amin.

Na daure har damina ta wuce. Wata rana da layi ya zo kaina, na ce, "Ya Uba, ka ba Mama hutun baki, ka san ta gaji." Ta ce amin da ƙarfi. Daga nan kowace ta riƙa zuwa da shirinta. Matar mai gidan da take haya, Musulma mai sayar da albasa, ta taɓa leƙo mu ta ce, "Wagga addu'a ta, ko faɗa na?" Mama ta ce mata zumunci ne.

Da cikina na fari ya zube, 'yan zumunta suka zo suka rera waƙa, suka karanta mini ayoyi, suka tafi. Mama ta iso da ƙullin kayanta. Na jira in ji abin da za ta kai wa Ubangiji a kaina, amma ba ta durƙusa ba. Ta wanke zannuwana, ta dama kunu, ta kori mijina kasuwa ya nemo hanta. Da na fashe da kuka, ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta ta tsefe mini kai, ta ce ita ma nata biyu haka suka tafi, kuma ba ta taɓa gaya wa kowa a cocin ba. Sai da ta ga na soma cin tuwo ta koma bakin aiki.

Da ta yi ritaya za ta koma garinsu, na raka ta tasha. Na yi niyyar faɗa mata magana mai daɗi, na kasa haɗa ta. Ita ce ta leƙo ta tagar mota.

"An sha haɗa ni da mata," in ji ta, "duk gudu suka yi. Ke kaɗai kika rama."

Sannan ta juya ta hau yi wa direba faɗa kan yadda ya ɗaure mata buhu.