Shinkafar Kirsimetin Jimmai

Jimmai kula da tsofaffi take yi a Greensboro, kuma abokan aikinta sun san da Disamba ya kama ba ta shiga kanti sai dole. Akwai wata waƙar Kirsimeti mai sanyi da ake sakawa ko'ina, mai roƙon salama a duniya. Da Hausa ta koye ta a cocin garinsu. Ita 'yarta Rifkatu ke rerawa gida-gida tare da 'yan kwaya, mawaƙan coci, a yammacin da rikici ya ɓarke aka tare hanya. Rifkatu ba ta dawo ba. Tun daga nan, in waƙar ta taso, Jimmai kan bar kayanta a tsakiyar kanti ta fita.

Ɗa ɗaya ya rage mata, Josiah. Shi ta ɗauko suka zo Amurka, suka zauna a unguwar Glenwood. Yanzu shekararsa goma sha tara, ya fi ƙofa tsawo.

Al'ada ɗaya ce ba ta saki ba. A gida, ranar Kirsimeti sai an kai wa maƙwabta Musulmi shinkafa da kaza, su rama da Sallah. A nan Hajiya Aishatu ce maƙwabciyar, don ita Jimmai ke sayen kaza a shagon halal. A shekarar da abin ya faru, Hajiya ta koma Pleasant Garden, can bayan gari.

Da azahar Jimmai ta miƙa wa Josiah kular shinkafa da makullin mota.

"In ka wuce coci, farin gida mai jar ƙofa. In ba a ji ka ba, ka zagaya ta baya, tana kicin."

"Mama, babu address?"

"Address ɗin me? Kai baƙo ne?"

Ya yi dariya ya fita.

Tana wanke tukunya ta hango wayarsa a kan tebur. Sai maganarta ta dawo mata: ka zagaya ta baya. Saurayi baƙar fata, hula a ka, a bayan gidan wani, a inda gidaje ke nesa da juna kuma mutane ke ajiye bindiga. Fararen gidaje masu jar ƙofa nawa ne a can? Nan take ta kira Hajiya.

"Maman Josiah, ina shinkafata? Tun safe na hana cikina komai!"

"Hajiya, bai iso ba?"

Da ta ji kwatancen, dariyar Hajiya ta ɗauke. "Ta baya kika ce masa? Innalillahi. Jimmai, nan ba gida ba ne. Kada ki kashe, bari in fita titi."

Jimmai ta ji takun silifas a kan tsakuwa, ta ji haushin kare. Can nesa wani abu ya fashe.

"Mafarauta ne," in ji Hajiya.

Jimmai ta durƙusa a kicin. Ta nemi addu'a, ko kalma ɗaya ba ta zo ba sai waƙar nan. Ta rera ta a hankali, da Hausa, har inda Rifkatu kan ɗaga murya. Hajiya ba ta katse ta ba.

"Ga motarki nan! Kai, ɗan banza, ina ka shiga?"

Josiah ya karɓi wayar. Ashe wani gidan ya fara zuwa. Wani tsoho ya fito baranda, hannu ɗaya a ɓoye a bayansa. Josiah ya ɗaga kular sama da hannu biyu, ya gaishe shi, ya ja da baya har mota.

"Ban zagaya ba, Mama. I'm not crazy."



Tun daga shekarar Jimmai da kanta take kai shinkafar. Sai ta kira tukun, ta tsaya a ƙofar gaba, Josiah na zaune cikin mota inda take ganinsa.