Ranar da Aka Zo Ƙirga Haƙoranmu a Sharaɗa

Shekarun baya, lokacin ina aiki a wani kamfanin alewa a Sharaɗa, aka sanar da mu cewa likitocin haƙori za su zo duba bakin ma'aikata. Wai zagaya kamfanoni suke yi, daga Bompai har Challawa, suna son sanin yawan masu ruɓaɓɓen haƙori da abin da ke jawo shi. Aka ce kowane sashe ya turo mutanensa.

Mu kuwa yawancinmu 'yan wucin gadi ne, kullum sai an kira sunanka a bakin get kafin ka shiga. Kuma mun san abin da duba lafiya yake nufi a wajenmu. An taɓa zuwa gwajin ƙirji, waɗanda aka samu da tari ba a sake kiran sunansu ba. Don haka kafin azahar magana ta gama zagaya kamfani, cewa duk wanda aka ga bakinsa ya lalace za a ce bai dace da aikin abinci ba.

Wanda hankalinsa ya fi tashi shi ne abokina, wani ɗan kudancin Kaduna da muke haya gida ɗaya a Na'ibawa. Shi ke kan tukunyar dafa sukari, kuma aikin sai da ɗanɗanawa, tun safe har tashi yana cikin lasa. Haƙoransa biyu na ciki sun yi rami, kullum da kanumfari a kumatunsa. Ga matarsa da tsohon ciki. Ya ce min, "Ɗan'uwa, in suka leƙa bakin nan, tawa ta ƙare."

Shugaban sashenmu wani dattijo ne ɗan asalin Sharaɗa, Malam muke ce masa. Ya tara mu a bayan inji ya ce, "Ba wanda zai rasa abincinsa a kan haƙori. Kowa ya buɗe baki in gani." Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen ragon layya. Masu kyau ya ware su gefe, sauran ya ce su tsaya kan aiki. Abokina kuwa sito ya tura shi jera kwalaye, ya ce kada ya fito sai baƙin sun tafi.

Ni da asuwaki mahaifina ya raine ni, kuma zaƙi ƙwarnafi yake sa ni, ko shayi ba na cika wa sukari. Da Malam ya leƙa bakina sai ya ce, "Kai za ka fara shiga." Gaskiya kaina ya kumbura. Tunda nake a kamfanin ba a taɓa sa ni gaba a komai ba sai ranar.

Likitar mace ce. Ta sa ɗan madubi mai sanda a bakina, tana bin haƙoran tana faɗa wa wani mai rubutu. Abu uku suke ƙirgawa: wanda ya ruɓe, wanda aka cire, da wanda aka yi wa ciko. Sai tambayoyi, da me kake wanke baki, sau nawa kake shan zaƙi a wuni, ruwan ina kuke sha a gida. Ni a bakina ba ta samu ko haƙori ɗaya mai matsala ba. Ta gama ma ina nan baki buɗe, sai da ta ce in rufe.

Da ta duba mu duka, ta juya wajen Malam ta ce, "Malam, a kamfanin alewa? Ku ke nan?"

Ya ce, "Sauran suna kan inji, Likita. Ba a barin inji."

Ta ce, "Ba ma ba kamfani sunan kowa fa. Inda ciwon ya fi yawa muke nema."

Malam ya gyaɗa kai cikin ladabi. Bayan sun fita ya ce mana haka ma masu gwajin ƙirji suka faɗa. Abokina ya fito daga sito yana ta yi wa Malam godiya, muka tashi muna jin mun yi dabara.

Bayan 'yan watanni wani maƙwabcinmu mai aiki a kamfanin fata a Challawa ya dawo gida yana nuna mana ciko a haƙorinsa. Ya ce motar asibitin haƙori aka kawo musu, ana yi wa ma'aikata magani kyauta, saboda da aka ƙirga an ga nasu ya yi muni. Mu ba a zo mana ba, tunda lafiyarmu ƙalau. Abokina ya je Challawar ranar hutunsa, ya tarar motar ta tashi.

Ba a daɗe ba fuskarsa ta kumbura har ido ɗaya ya rufe. Ya kwanta kwanaki da zazzaɓi, a ƙarshe aka cire haƙoran biyu a asibiti. Ranar da ya koma bakin get an riga an ɗora wani a kan tukunya, ba a kira sunansa ba.

Na samu Malam na ce, "Malam, kun ji abin da ya faru?" Ya ce, "Na ɗauka asirinsa nake rufawa." Ya je ofis ya yi roƙo, ba a saurare shi ba.

Abokina yanzu adaidaita yake ja a Hotoro, kuma muna zumunci har gobe. In muna cin abinci da gefe ɗaya yake tauna, bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba. Ni ma ban taɓa jin haushin Malam ba, don tsoron da ya ji ba ƙirƙirarsa ya yi ba, mun ga an kori mutane da idonmu. Amma in na tuna abin yana min ciwo. Mutanen nan ciwo suka zo nema don su kawo magani, muka zaɓo musu lafiya muka jera, su kuma suka yarda da mu.