Ranar da Hannun Orval Ya Tsaya

Mijina Orval a tsaye yake shan kofi, a coci kuma shi ke rigan kowa cewa amin. Sana'arsa gyaran mota, hutunsa kamun kifin bas a tafkin Guntersville. Kifin ma ba na ci ba ne. In ya kama sai ya sumbace shi ya mayar ruwa. Na sha gaya masa kifayen tafkin nan sun fi ni morar aurena.

Kowa ya san a farkon Maris ruwa na da sauran sanyi, bas yana kwance a ƙasa yana kasala. Sai ka jefa kifin roba mai ƙugiya, ka ja kaɗan, ka tsaya, ka yi ta jira. Orval ya san wannan a baki. Hannunsa ne bai sani ba, naɗe zare yake kamar an biyo shi da kare. Shi ya sa duk Maris yake dawowa hannu rabbana.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafa ta dawo, baki ya dawo fiye da yadda na roƙa, hannu ya maƙale a hanya. 'Yarmu Darlene ta samo mai sayen jirgin kamun kifinsa.

"Baba, in ka faɗa ruwa wa zai tsamo ka? Mama?"

"Hularsa dai zan iya tsamowa," na ce.

Orval bai yi dariya ba. "Ki ba ni yini ɗaya. In hannun nan bai kawo kifi cikin jirgi ba, ki sayar."

A farkon Maris muka fita da safe, ni da bargona da burodin masara. Yana jefawa da hagu, yana naɗewa da dama, da ƙyar. Har rana ta take tsaka ko taɓa ƙugiyar ba a yi ba.

"Tsoho, kifayen naka sun tafi jana'iza ne?"

"Muryarki suka ji, Verna."

"Kai ma ka ji ta, ai ba ka gudu ba."

Da yamma sanyi ya kama hannun, ya ƙi motsi sam, zare na can cikin ruwa. Ya zauna yana kallon yatsunsa. Ya daɗe. Ban taɓa ganin Orval ya zauna haka ba, har na nemi tsiyar da zan yi masa na rasa.

"Kira Darlene," ya ce. "Ki ce mutumin ya zo ya ɗauka."

Ina laluben waya sai kan sandar kamun kifin ya lanƙwashe. Kifin robar nan ya tsaya cak a ruwa, irin tsayuwar da Orval bai taɓa bari ya yi ba, wani bas kuwa ya gaji da kallo ya haɗiye.

Na miƙa hannu zan taya shi, ya ce, "Kul." Ya tokare sandar a cikinsa, ya riƙa tura mariƙin naɗe zaren da tafin hannun da ya mutu, kaɗan-kaɗan, har kifin ya iso. Bai fi takalmina tsawo ba. Na ɗauki hoto na tura wa Darlene.

Ta amsa: jirgi ya zauna, amma da rigar hana nutsewa, kuma kullum da Mama. Wato ni aka yanke wa hukunci. Na karɓa, na gode wa Allah.

Orval ya sumbaci kifin ya sake shi. Ragowar sumbar ya manna mini a goshi, da ƙarninta da komai. Ban goge ba.