Yaya Bello da Jaridun da Suke Isowa a Makare

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar yayana Bello, kuma har yau ina taya shi kishin abin da wasu suka samu shi bai samu ba.

Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Yaya ya gama karatun aikin gona, yana zaune da mu a Gulma, kusa da Argungu, ba aikin yi. Kowa na cewa sabuwar jiha ce, ofisoshi na neman mutane. Sai ya riƙa shiga mota daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, ya taka har ɗakin karatu, domin a nan kaɗai zai duba tallar aiki a jarida ba tare da ya saya ba. Jaridun kuwa sai sun kwana biyu a hanya suke isowa. Wata rana ya ga ana neman malamin gona mai kula da manoman shinkafa, kamar don shi aka buga. Da ya duba ƙasa, an riga an rufe karɓar takardu.

Da ya dawo, Inna ta ce, "Bello, mi ya faru?"

Ya ce, "Ba komi, Inna. Wani ya riga ni gani."

Daga baya ya koma fadamar Zauro yana noma gonar wani. A can zazzaɓi ya kama shi cikin damina, bai tashi ba.

Bana aka samu tallafi, aka zuba kwamfutoci da intanet a ɗakin karatun nan, kyauta ga masu neman aiki. Ɗana Nasiru ya ja ni in gani. Na tarar da samari jere, fanka na kaɗa su, talla na fitowa yau su aika takardunsu yau. Wani ma ƙwallo yake kallo. Raina ya ɓaci da yaron nan da ban ko san sunansa ba. Me suka yi da Yaya bai yi ba? Sun fi shi ƙoƙari ne, ko kawai sun zo a bayansa?

Na san da yana raye ba zai ji haka ba. Zai ja kujera ya zauna kusa da su, yana gyara musu Turanci, yana tsokanar mai kallon ƙwallo. Ni ce ban kai shi zuciya ba.

Bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Amma shi ya tsaya mini wajen Baba har aka bar ni na gama makaranta, ni kuma na tsaya wa Nasiru. Abin da ya rage nasa ke nan, kuma ba kaɗan ba ne. Allah Ya jiƙansa.

A watan jiya Nasiru ya samu aiki ta kwamfutar nan. Na dafa shinkafa da kifi na raba wa maƙwabta, na yi dariya da kowa. Ni dai ban iya ci ba.