Farin da Mukhtaru Ya Bari

Shekara ashirin da shida Mukhtaru ya yi a Makka ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama. A Damagaram jikin manyan motoci yake yi wa zane, ya zo Hajji ya zauna. Lokacin aikin Hajji ya yi dako a Mina, sauran watanni ya zana wa masu ɗaukar hoto na unguwar Kudai labulen da alhazai ke tsayawa a gabansa.

Wata shekara ya tura wani tsoho ɗan ƙasar Sin, Alhaji Yunus, a keken guragu har Arfa. Tsohon ya ga yana zane a bayan kwali, sai ya karɓi alƙalamin. Ya zana dutse a gefe guda, ya sa mutum ƙanƙane a gindinsa, sauran kwalin ya bar shi fari fat. Da guntun Larabcinsa ya ce haka ake zane a wajensu: dutse ya fi mutum, farin kuma ba mantuwa ba ne, nan ne mai kallo ke shiga. Maganar nan ta zauna wa Mukhtaru a rai.

Da Bandar, jikan Hausawa haifaffen Makka, ya ba shi aikin labule na sabon shagonsa na ɗaukar hoto, Mukhtaru ya ƙudura wannan karon zai yi abin da ransa ke so, ko sau ɗaya a bar masa aikinsa yadda ya yi shi. Kwana tara ya yi. Dutsen Rahama na Arfa a hagu, alhazai ƙanana ƙwarai a ƙasansa, fiye da rabin ƙyallen kuwa fari.

Bandar ya zo, ya duba, ya tambaya yaushe za a ƙarasa. Mutumin da bai taɓa riƙe buroshi ba! Mukhtaru ya yi bayani har bakinsa ya bushe, shi kuwa gogan yana latsa waya. Wai a cika wurin da tantuna, da dabino, da raƙuma, da jirgin sama.

"Ya ammi, baffana, yalla maza ka cika," in ji Bandar. "Kai da ba ka da takarda, gardamar me za ka yi?"

Abin takaici, da hannunsa ya cika shi. Kwana uku yana cusa raƙuma inda babu raƙumi. Da ya gama, Bandar ya dafa kafaɗarsa ya ce yanzu ne ya zama mai zane.

Tun ranar Mukhtaru bai sake zana komai ba. Fentin gidajen haya yake yi, launi ɗaya, wanda mai gida ya zaɓa.