Abin da Ke Iyo a Tankin Makarantarmu

Ranar da na ƙi mayar da madubin likita kabad ɗin firinsifal ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuka fara koyarwa bana ku saurara, don ko ba jima ko ba daɗe za ku gamu da irin wannan kabad ɗin.

Lokacin ina koyar da Bayoloji a wata sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a bayan garin Wudil. Madubin likita, wato na'urar da ke ƙara girman abin da ido ba ya iya gani, guda ɗaya tal muke da shi, kuma a kulle yake cikin ledarsa. Ba a fito da shi sai masu duba makarantu za su zo daga ofishin shiyya. A goge shi, a ɗora a tebur, su gani su yaba, a mayar. Yara kuwa da'ira muke zana musu a allo, mu ɗiga alli a tsakiya, mu ce ga ƙwayar halitta, da ita aka gina jikin duk wani mai rai. Su haddace abin da ba su taɓa gani ba. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Wata safiya, bayan baƙin shiyya sun tafi, firinsifal ya ce in mayar da madubin ofishinsa. Na rungume shi na wuce ƙofar ofishin kamar ban gan ta ba, sai ajin 'yan shekarar farko na babbar sakandare.

Na ɓare siririn tantanin albasa, na shimfiɗa a gilashi, na ɗiga aidin, maganin nan da ake shafa wa rauni, don ya ba shi launi, na juya madubin wajen hasken taga. Suka yi layi. Ta farko da ta leƙa ta ce, "Malama, ai jerin bulo ne!" Na ce kowane bulo ƙwaya ɗaya ce mai rai. Tana da fata mai tantance abin da zai shiga da abin da zai fita, ɗigon nan na ciki shi ke tafiyar da aikinta. Tana cin abinci, tana fitar da abin da ba ta buƙata, kuma ƙwaya ɗaya kan rabu ta zama biyu, da haka mai rai yake girma.

Sai wata ɗaliba, Safiya, mai tambayar tsiya, ta ce, "To akwai abin da duk jikinsa ƙwaya ɗaya ce?" Na ce akwai, a ruwan da ya kwana biyu a tsaye. Kafin in rufe baki ta fita, ta ɗebo daga tankin siminti da duk makarantar ke sha, wanda ba murfi, gefensa ya yi kore. Muka ɗiga a gilashi. Ga su nan suna iyo, suna juyi, wani yana bin wani. Ajin ya kaure da salati.

Na gaya musu gaskiya, ba duk waɗannan ne ke sa ciwo ba, amma ganinsu alama ce tankin ya daɗe bai ga wanki ba. Ranar ko mutum ɗaya bai sha ruwan nan ba. Washegari iyaye suka fara sallama a ofis.

Firinsifal ya aiko a kira ni. "Malama Rakiya, kin tayar mini da makaranta. Gobe a asambuli za ki ce musu datti ne a jikin gilashi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, datti ba ya iyo."

"Ko ki faɗa, ko in ba ki kwiri in nemi a sauya miki wurin aiki."

Kwiri, ga wanda bai sani ba, takardar tuhuma ce da ke zama a fayil ɗin ma'aikaci har ya yi ritaya. Sauyi kuwa yana nufin in bar makarantar da nake zuwa da ƙafa, in koma hawa acaɓa kullum, ga goyo a bayana. Na ji tsoro, ba zan ɓoye muku ba.

Da safe na tsaya gaban yara, shi yana gefena ya harɗe hannu. Na ce, "Abin da kuka gani da idonku rai gare shi, ƙwaya ɗaya ce mai ci da motsi. Kada wani ya ce muku ba ku gani ba. A wanke tanki, a yi masa murfi, shi ke nan."

Kafin zangon ya ƙare takardar sauyina ta fito, aka tura ni can wajen Ɗankaza. Tankin kuwa iyaye suka wanke shi suka yi masa murfin kwano, Safiya ce ta ba ni labari a kasuwa.

Abin da na koya shi ne, a aikin nan manya ba karyewar na'ura suke tsoro ba, tsoronsu yaro ya gani da idonsa ya fara tambaya. Ban yi nadama ba ko sau ɗaya. Ranar da na kai kaina sabuwar makarantar, muna cikin gaisawa da firinsifal na hango kabad a bayansa, da wani abu cikin leda. Ko zama ban yi ba na ce, "Ranka ya daɗe, ina mabuɗin?"